Bindigar Kanar Ba Ta da Harsashi

A ranar 23 ga Yunin 2013, saura ƙasa da wata biyu a fara haska fim ɗin Kick-Ass 2, Jim Carrey ya wallafa gajerun saƙonni biyu a Twitter. Ya ce ya yi aikin fim ɗin ne wata guda kafin kisan gillar makarantar Sandy Hook, yanzu kuwa zuciyarsa ba za ta bar shi ya mara wa irin zubar da jinin da ke cikinsa baya ba. Ya nemi afuwar abokan aikinsa, ya ce ba kunyar fim ɗin yake ji ba, abin da ya faru ne ya sauya masa tunani. Daga nan ya zare hannunsa daga tallata shi.

A Hollywood wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Carrey ne mafi girman suna a cikin 'yan wasan, kuma zagayen hira da 'yan jarida gab da fitar fim na cikin aikin da ake sa ran kowane tauraro zai yi. Amma duk wanda ya tuna halin da Amurka take ciki a lokacin zai gane inda ya dosa. A ranar 14 ga Disambar 2012 wani matashi ɗan shekara 20 ya shiga makarantar firamare a garin Newtown na jihar Connecticut, ya harbe yara 20 'yan shekara shida da bakwai, da ma'aikata 6. Wata biyar kafin nan, a ranar 20 ga Yuli, wani ya buɗe wuta a gidan sinima a Aurora ta jihar Colorado, ana tsakiyar kallon sabon fim ɗin Batman, ya kashe mutum 12. A cikin wannan yanayi ne za a fitar da fim ɗin barkwanci wanda ake sare hannu a cikinsa, ake kashe 'yan sanda da injin yankan ciyawa, kuma ake so mai kallo ya tuntsire da dariya.

Fim ɗin bai shiga sahun manya ba, kuma da yawa sun manta da shi. Sai dai gardamar da ya tayar ta fi shi tsawon rai, domin ta taɓo abubuwa biyu da ba sa tsufa: yadda ake mayar da jini abin nishaɗi, da abin da kan biyo baya idan mutum ya naɗa kansa mai tsaron jama'a ba tare da kowa ya naɗa shi ba.

Yadda aka faro

Asalin labarin littafin zane ne da marubuci Mark Millar, ɗan Sikotlan, da mai zane John Romita ƙarami suka fara fitarwa a 2008. Tambayar da aka gina shi a kanta mai sauƙi ce: miliyoyin matasa na karanta labaran jaruman almara irin su Superman da Spider-Man, me ya sa ba a samu ko ɗaya da ya gwada zama jarumin a zahiri ba? Dave Lizewski, ɗalibin sakandare a New York, wanda ba shi da ƙarfi, ba shi da dukiya, ba shi da horo, sai ya sayi koriyar rigar masu nutso a ruwa ta intanet, ya rufe fuska, ya fita neman masu laifi. A fitarsa ta farko aka daba masa wuƙa a ciki, mota kuma ta bi ta kansa. Amsar tambayar ke nan, kuma amsa ce ta gaskiya.

Matthew Vaughn ya mayar da labarin fim a 2010, bayan manyan kamfanoni sun ƙi karɓarsa, ya haɗa kuɗin da kansa. Abin da ya tsorata kamfanonin shi ne ya sayar da fim ɗin: wata yarinya 'yar shekara 11, Mindy, wadda ake kira Hit-Girl, da mahaifinta tsohon ɗan sanda ya horar da ita kisa tun tana ƙarama. Chloë Grace Moretz ce ta fito a matsayin yarinyar, Nicolas Cage kuma uban. Roger Ebert, wanda ya fi kowane mai sharhin fim suna a Amurka a lokacin, ya ba fim ɗin tauraro ɗaya cikin huɗu, ya ce abin ƙyama ne ta fuskar tarbiyya. Duk da haka fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 96, alhali abin da aka kashe masa bai wuce miliyan 30 ba.

Tun a nan tsagewar ta bayyana. Fim ɗin da ya fara da yaro kwance cikin jini a bakin titi, ya ƙare da wannan yaron yana tashi sama da inji a goye, yana ɓarin wuta, har ya harba uban 'yan daba ta taga da bindigar roka. An fara da yi wa almara ba'a, an ƙare a cikin almarar tsundum. Kashi na biyu ya gaji wannan tsagewa, ya kuma faɗaɗa ta.

Rigar da ta zama annoba

Jeff Wadlow ne ya rubuta kashi na biyu kuma ya ba da umarni, Vaughn ya koma furodusa. Dabarar da aka gina shi a kanta tana da kyau, kuma tsohuwa ce. A 1615 Cervantes na Sifaniya ya fitar da kashi na biyu na Don Quixote, labarin dattijon da karatun littattafan mayaƙa ya juya masa kai har ya hau ramammen doki ya fita gyaran duniya. A wannan kashi, mutanen da dattijon ke haɗuwa da su sun riga sun karanta kashi na farko, sun san shi, suna kuma shirya masa wasa daidai da haukarsa. Haka Dave ya wayi gari a 2013: birnin ya ga hotunansa a intanet, kuma kowa ya ɗinka tasa rigar.

Wasu daga cikin masu kwaikwayonsa sun kafa ƙungiya mai suna Justice Forever, wato adalci har abada. Mafi kyawun abin da ke cikin fim ɗin su ne waɗannan mutane. Akwai mata da miji da ɗansu ya ɓace ba a sake ganinsa ba. Akwai matashiyar da aka kashe 'yar'uwarta. Akwai wanda ya sha cin zali tun yana yaro. Akwai kuma abokin Dave, wanda ba shi da wani baƙin ciki, sai ya ƙirƙiro labarin cewa an kashe iyayensa don kada a raina shi. Shugabansu shi ne Kanar Stars and Stripes, wanda Carrey ya fito a matsayinsa: tsohon ɗan dabar mafiya da ya tuba ya rungumi addinin Kirista, yana yawo da ƙotar gatari da kare mai suna Eisenhower, yana hana yaransa ashar. Yana riƙe da bindiga, amma babu harsashi a cikinta, barazana kawai yake yi da ita. Yawancin aikin ƙungiyar ma rabon abinci ne ga marasa galihu da sintiri a unguwa.

Sai dai rigar ba ta zaɓen mai sa ta. Chris D'Amico, ɗan mutumin da Dave ya harba da roka, ya gaji dukiyar ubansa da ƙudurin ɗaukar fansa. Shi ma ya yi shigar burtu, ya laƙaba wa kansa sunan da ba ya faɗuwa a gaban manya, ya yi hayar makasa da kuɗi, ciki har da wata ƙatuwar tsohuwar fursuna daga Rasha. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: Chris ɗan ubansa ne, Mindy ma 'yar ubanta ce. Ita yanzu shekararta 15, mahaifinta ya mutu, mariƙinta ɗan sanda Marcus ya sa ta yi alkawarin ajiye makami, tana ƙoƙarin koyon zama da 'yan mata sa'o'inta a makaranta, abin da ya fi mata faɗa da 'yan daba wuya.

Daga nan labarin ya bi hanyar da hankali zai ba shi. Mutanen Chris suka kashe Kanar. Suka kai hari wata unguwa suka kashe 'yan sanda goma. Hukuma ta shiga kame duk wani mai rufe fuska, ba ta tambayar na kirki ne ko mugu. Da suka zo gidan su Dave, mahaifinsa, wanda ya daɗe yana roƙonsa ya daina, ya ce shi ne Kick-Ass, aka tafi da shi. A cikin kurkuku mutanen Chris suka kashe shi, aka aiko wa ɗan da hoton gawar ta waya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in ji masu iya magana, amma a nan ruwan ya tsallake tsuntsun ya doki wanda ya haife shi.

Gawar kuka da gawar dariya

Da fim ɗin ya tsaya a kan wannan, da ya zama gargaɗi mai nauyi. Mark Millar ma da wannan ya kare shi. A martanin da ya mayar wa Carrey, ya ce ya yi mamaki, domin babu abin da ke cikin fim ɗin da ba ya cikin rubutun da aka kammala wata 18 da suka wuce. Ya ce manyan fina-finai kan zubar da gawarwaki ba a ga ɗigon jini ba, nasu kuwa yana nuna sakamakon duka da kisa. Ya kuma tuna wa Carrey cewa ƙin harba bindiga da Kanar yake yi na cikin abin da ya jawo shi ga matsayin tun farko.

Hujja ce mai ƙarfi, amma akwai hanyar gwada ta. Mai kallo ya lura da yadda kyamara da kiɗa suke bi da kowace gawa. Mutuwar mahaifin Dave tana zuwa da shiru da jana'iza da hawaye. Mutuwar 'yan sanda goma kuwa tana zuwa da kiɗa mai motsa jiki, Chris da yaransa na gefe suna tafi kamar masu kallon ƙwallo, kowane kisa da sabuwar dabara don kada a gaji. Waɗannan goman ma suna da iyaye da 'ya'ya, amma fim ɗin bai ba ko ɗayansu minti guda na makoki ba. Jana'izar mahaifin ma ba a bari ta ƙare ba, aka mayar da ita fagen harbe-harbe da tseren mota, inda Mindy ke watso mutane daga saman mota zuwa ƙarƙashin tayoyi. Sakamakon da Millar yake magana a kai ya tsaya ne a kan waɗanda marubuci ya ba suna, sauran kuwa kayan wasa ne.

Wuri ɗaya ya fi kowane tona wannan asiri. A littafin zanen, Chris da mutanensa sun yi wa wata yarinya fyaɗe. Masu fim suka ga abin ya yi muni, sai suka sauya shi: Chris ya kama matashiyar da ke cikin ƙungiyar Kanar da wannan niyya, amma ya kasa, aka mayar da kasawarsa abin dariya, sannan ya sa a lakaɗa mata dukan da ya kai ta asibiti. An yi nufin sassautawa, aka ƙare da neman mai kallo ya yi dariya a daidai lokacin da mace take kwance cikin firgici. Masu sharhi da dama sun ware wannan wuri a matsayin inda fim ɗin ya rasa alƙibla.

Kasuwa ma ba ta yi masa maraba ba. An kashe masa dala miliyan 28, ya tara kusan miliyan 60 a duniya, ƙasa da kashi biyu cikin uku na abin da na farko ya samu. Mafi yawan masu sharhi sun kushe shi, ko da yake Quentin Tarantino ya sa shi cikin fina-finai goma da suka fi burge shi a shekarar.

Shin Carrey ya yi daidai?

Masu sukarsa sun ce ihu bayan hari ne. Ya karanta labarin, ya yi aikin, ya karɓi ladansa, sannan ya bar ƙananan 'yan wasa da ma'aikata su ɗauki nauyin tallar su kaɗai. Akwai gaskiya a nan. Haka kuma binciken masana bai tabbatar da cewa kallon fim ne yake sa mutum ya ɗauki bindiga ya shiga makaranta ba. Japan da Koriya ta Kudu suna kallon fina-finai masu jini ba kaɗan ba, amma kisan bindiga a can ɗan ƙalilan ne idan aka kwatanta da Amurka, kuma bambancin da ya fi fitowa fili shi ne sauƙin mallakar makami. Carrey kansa ya san haka, domin a watan Maris na wannan shekara ya fitar da wani bidiyon barkwanci yana yi wa masu kare mallakar bindiga shaguɓe.

Amma Carrey bai ce fim ɗin zai haifar da kisa ba, bai nemi a hana shi ba, bai kuma ce kowa ya ƙaurace masa ba. Abin da ya ce kawai shi ne ba zai iya zama a gaban kyamara yana murmushi yana kiran mutane su zo su kalla ba. Wannan magana ce ta kunya da sanin ya kamata, irin wadda ke sa makaɗi ya sassauta ganga idan zai wuce ƙofar gidan da ake zaman makoki. Ganga ba ita ta yi kisan ba, kuma babu dokar da ta hana buga ta. Mutum na iya ganin cewa ya makara, ya kuma yarda cewa abin da ya ji a ransa ba ƙarya ba ne.

Masu rigar na zahiri

Akwai wani abu da gardamar ta tsallake, wanda ya fi yawan jinin muhimmanci, wato ɗaukar doka a hannu. A laccar da ya gabatar a Munich a 1919, masanin zamantakewa na Jamus Max Weber ya bayyana hukuma a matsayin wadda ta keɓanta da halattaccen ikon amfani da ƙarfi a cikin iyakokinta. Ɗan sanda na iya zalunci, amma yana da lamba, yana da shugaba, akwai kotun da za a iya kai shi. Amfanin rufe fuska shi ne kawar da waɗannan duka. Mai rufe fuska shi ne mai bincike, shi ne alƙali, shi ne mai zartarwa, kuma idan ya yi kuskure babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Amurka ta san irin waɗannan mutane a zahiri. A 1979 Curtis Sliwa ya kafa ƙungiyar Guardian Angels, matasa masu jar hula da ke sintiri ba makami a jiragen ƙasa na ƙarƙashin New York, lokacin da fashi ya addabi birnin. Jama'a da yawa sun ji daɗin ganinsu. A 1992 Sliwa ya amsa cewa wasu daga cikin labaran bajintar da suka yi suna da su a farko ƙirƙira ce, kamar dai abokin Dave da iyayensa na ƙarya. A Seattle kuma wani matashi mai kiran kansa Phoenix Jones ya riƙa yawo da cikakkiyar rigar jarumi. A Oktoban 2011 'yan sanda suka kama shi bayan ya fesa wa wasu mutane barkonon tsohuwa. Ya ce faɗa yake rabawa, su kuma suka ce ba faɗa suke yi ba. Ba a gurfanar da shi ba, amma tambayar tana nan: wa ya ba shi ikon tantancewa?

Mafi nauyin misali ya faru ne mako biyar kacal kafin fitar fim ɗin. A ranar 13 ga Yulin 2013 kotu a jihar Florida ta wanke George Zimmerman, jagoran masu sa ido na wata unguwa a garin Sanford, wanda ya harbe Trayvon Martin, baƙar fata ɗan shekara 17, a Fabrairun 2012. Yaron ba shi da makami, daga kanti yake dawowa. Zimmerman ya ga kamar mai laifi ne, ya kira 'yan sanda, aka ce masa ba a buƙatar ya bi yaron, amma suka haɗu, aka yi kokawa, harsashi ya fita. Daga wannan hukunci ne taken Black Lives Matter ya samo asali. A Kick-Ass 2 jarumai ba su taɓa kama mutumin da ba shi da laifi ba. Kowane gidan da Kanar ya fasa, mugaye ne a ciki, domin marubuci ne ya zuba su. Wannan ita ce babbar almarar fim ɗin, ta fi injin tashi sama nisa da gaskiya.

Mai karatu a arewacin Najeriya ba ya buƙatar a fassara masa wannan. A daidai watannin da ake gardamar Carrey da Millar, bayan dokar ta-ɓacin da aka kafa a Borno da Yobe da Adamawa a Mayun 2013, matasan Maiduguri suka fito da sanduna da adduna suna zaƙulo 'yan Boko Haram, aka kira su 'yan kato da gora. Su ba littafin zane ne ya fito da su ba, wuya ce ta kai wuya, kuma sun taimaka ƙwarai wajen fatattakar mayaƙan daga birnin, da yawansu sun rasa rayukansu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon da ya tsage a can tsaron hukuma ne. Duk da haka abubuwa biyun nan sun biyo baya. Mayaƙan sun riƙa huce haushi a kan garuruwan da suka kafa irin waɗannan ƙungiyoyi, kamar yadda aka huce a kan mahaifin Dave. Ƙungiyar Amnesty International kuma ta tattara rahotannin kisa ba tare da shari'a ba da aka danganta da wasu daga cikinsu, wato kuskuren da fim ɗin ya ƙi nunawa. A Zamfara, kashe-kashen da ake zargin 'yan sa-kai da yi wa makiyaya a kasuwanni da rugage na cikin abin da ya rura wutar ramuwar gayya da har yau ba ta mutu ba.

A ƙarshen fim ɗin, bayan ƙazamin faɗa a wani ɗakin ajiya, Chris ya faɗa cikin tankin kifin shak, Mindy ta hau babur ta bar New York domin hukuma na nemanta da laifin kisa, sauran 'yan ƙungiyar kuma suka yanke shawarar tuɓe rigunan su ci gaba da taimakon jama'a da fuskokinsu a buɗe. Wannan ce shawara mafi hankali da wani ya yanke a cikin fim ɗin, kuma sai da aka binne Kanar da mahaifin Dave da 'yan sanda goma kafin a kai gare ta. Sai dai masu fim ba su iya haƙuri da ita ba. Kafin a rufe, an nuno Dave yana motsa jiki, ga sabon sulke na ƙarfe a ajiye yana jiran kashi na uku. Ba a yi kashi na ukun ba.